Hajiya Fa'iza, Wadda Ta Nemo Mu Har Ƙofa

Hajiya Fa'iza ta rasu! Ranar Laraba, tara ga Afrilu, bayan Azahar, kwana biyu kacal da miƙa mini jikata a hannu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ku gafarce ni, ko sallama ban yi ba. Tun da labarin ya iso na kasa zama. In shiga gida in ɗauki yarinyar in yi dariya, in fito zaure hawaye ya zubo. Masu barka da masu gaisuwa tabarma ɗaya suke zama.

Hajiya, ke ma'aikaciyar ofishin jin daɗin jama'a ce, ni manomi ne, babu abin da ya haɗa mu sai wannan yarinya. Ɗana Mustapha, direban babbar mota, ya rabu da matarsa Zuwaira, ta koma Doguwa wurin kakarta, ba wanda ya san da ciki. Bayan wata bakwai ta haihu a asibiti, Allah ya karɓi ranta. Kakar ba ta gani, ba ta iya reno, aka kai jaririyar gidan marayu. Mu muna nan ba mu sani ba. Laifina ne, ko sau ɗaya ban aika a gaishe ta ba.

An samu mutanen kirki a birni da za su karɓe ta riƙo. An manna sanarwa a allon ofis cewa duk mai jin shi ne uba ya zo a rubuta sunansa kafin wa'adi ya cika. Abokan aikinki suka ce an sauke nauyi. Kika ce: "Wane direba ne zai ajiye mota ya zo karanta allonmu? An sanar da bango, ba a sanar da uba ba."

A katin asibiti abin da ke rubuce kawai shi ne "Mustapha direba, Kwanar Dangora". Sau uku kina zuwa tashar motar garin, da ciwon ƙafarki. Kika samu Mustapha huɗu, ɗaya har ya yi miki faɗa. A zuwa na uku wani mai facin taya ya ce ki nemi Malam Inuwa a Ƙofa.

Kin same ni ina sussukar masara, saura kwana tara wa'adin ya cika. Kika miƙo takarda. Na ce zan karanta da kaina, don da furfurata na yi ajin yamma. Na daɗe ina haɗa baƙaƙe, ba ki karɓe ba, ba ki duba agogo ba. Da na gama kika ce: "Baba, ban zo ɗora muku kaya ba. Haƙƙin ɗanku ne ya sani, aikinmu ne mu gaya masa." Mustapha ya baro motarsa a Lakwaja ya taho. Alƙali ya ƙirga watanni, ya ji shaidu, ya tabbatar 'yarsa ce.

Na so a mayar mata da sunanki. Sai ma'aikatan gidan marayun suka ce ke kika zaɓa mata Khairat. Na bar shi yadda kika sa.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki, ya nemo ki da rahama yadda kika nemo mu. Allah ya jiƙan Zuwaira, ya yafe mini sakacina. Ina miƙa ta'aziyya ga maigidanki Alhaji Abdulmalik, da 'ya'yanki, da abokan aikinki.

Ranar da muka rabu kin ce bayan wata ɗaya za ki zo ki duba yadda muke riƙe ta, don aikin bai ƙare ba sai kin gani da idonki. Wannan ziyara ta rage. Alhaji, 'ya'yan Hajiya, mutanen ofis, da duk wanda ya karanta wannan: gidana na bayan masallacin Juma'a, mai bishiyar darbejiya a ƙofa. Ku zo a madadinta. Ku zo ku ga Khairat, ta fara zama da kanta.

Malam Inuwa, Ƙofa