Tabawa da Ɗiyar Baduku

Duk wanda kamiyo, babbar motar kaya, ya taɓa saukewa a tashar Agadas a farkon zamanin Shugaba Diori ya san rumfar Tabawa, ko da bai riƙe sunanta ba. Da ƙwarya ɗaya ta fara, fura mai cuku da dabino, tana sayar wa masu raƙuma tun Nasara na mulki. Da motoci suka yawaita sai ta ɗora tukunya, ta kafa rumfa, ta sa aka sassaƙa mata tabul da dogayen kujeru. Wani ɗan lakwal, wato makarantar boko, ya rubuta mata "otel" da gawayi a jikin bango. Ita kam har ta tsufa wurin tuwo take ce masa.

Gajeriyar mace ce mai faɗan baki, amma cikinta fari tas. Ta haifa, ta binne, ta aurar. Miyarta ba ta rabo da albasar Tabelot, kuma wanda ya ce gishiri ya yi kaɗan sai ta nuna masa hanyar Tegidda, garin gishiri, ta ce ya je ya ɗebo. Yaro ne kaɗai ba ya laifi a rumfarta. 'Ya'yan matafiya sun sha kifar mata da miya, sun sha tsoma hannu a kwanon baƙo, wani ma ya yi fitsari a takalmin jandarma. Sai ta goge, ta ce wa mai ƙorafi, "Kai da gemunka aka haihe ka?"

Wata rana da hantsi sai ga Illiya, wani matashin baduku mai ɗinka jakunkuna da kayan sirdi. Yana tafe, wata 'yar yarinya da ba ta cika shekara biyu ba tana biye da shi, ta riƙe gefen rigarsa. Tabawa ta san labarin, don a Agadas ba a ɓoye ciwo. Matarsa Kadidia ce aka tafi da ita asibiti Damagaram, aka yaye yarinyar ba shiri. Kakar da ya kamata ta karɓi yayen tana can Iferwan, ba a samu mai kai saƙo ba tukuna. Maƙwabta sun yi kunu, sun yi lallashi, yarinya ta rufe baki gam sai ruwa. Wuyanta har ya fara tsawo.

"Inna," in ji Illiya, idonsa a ƙasa, "an ce yara na cin naki. Ki gwada ma wagga."

Wagga! Ba zai ce Biba ba, ko da za a yanka shi. 'Yar fari ce, kuma ɗan mutunci ba ya kama sunan ɗansa na fari, ba ya ɗaukarsa a idon jama'a, balle ya ba shi abinci a baki. Haka ya ga ubansa ya yi da shi. Ya zauna can ƙarshen kujera, ya ba ta baya kamar 'yar wani ce ta biyo shi.

Tabawa ta ɗora Biba a cinya, ta kawo shinkafa mai laushi da romo. Yarinya ta kaɗe cokalin, ya faɗa kwanon wani shofer, direban kamiyo mai suna Bahago, ƙaton mutum mai jigilar gero daga kudu. Aka yi dariya. Ta gwada fura, ta gwada ɗan dabino, ta yi rawar kai, ta yi kukan akuya. Tsohuwar da ta ciyar da 'ya'yan rabin ƙasa ta ga iyakarta, kuma abin ya yi mata ciwo ƙwarai.

Nan ta daina wasa ta tsaya kallo. Yarinyar ba abincin take duba ba. Idonta na kan ƙeyar ubanta, duk inda ya motsa ta bi shi da shi.

"Illiya, ka taɓa ba ta da hannunka?"

"Haba Inna! A gidan baffana nike zaune. Da wane ido?"

Tabawa ba ta yi masa wa'azi ba. Ita ma ta yi kunyar nata ɗan farin, kuma ba ta ganin al'adar a matsayin wauta. Sai ta miƙe, ta buga ludayi a bakin tukunya.

"Ku duka, kowa shi ɗauki kwanonshi shi dubi hanya. Wanda ya waiwayo, ya ci tuwona na ƙarshe."

"Mi ya faru, Inna?" in ji Bahago.

"Kunya a ido take. Ku ara mini idanunku."

Suka dubi juna, suka dubi yarinyar, suka gane. Ba wanda ya yi dariya wannan karon. Shoferori, da wani malamin lakwal, da masu raƙuma biyu suka juya, kowa da kwano a gwiwa, suna kallon motoci kamar yau suka fara ganinsu. Tabawa ta ajiye Biba kusa da ubanta, ta tura masa kwanon shinkafar, ita ma ta juya ta kama tuƙin tuwon da ya riga ya tuƙu.

Rumfa ta yi tsit, sai ƙarar cokula. Tabawa ta ji kujera ta motsa. Ta ji yarinya ta ja numfashi irin na wanda ya gaji da kuka. Can sai ta ji muryar Illiya ƙasa-ƙasa, yana cewa, "Ha, buɗe. Ha." Wuyanta ya yi ta ƙaiƙayin waiwaye, ta danne shi. Ta sha faɗa daga baya cewa a duk shekarunta na bakin murhu, ba ta taɓa yin aiki mai wuyar wannan ba.

Bahago ne ya kasa haƙuri. Bai juyo ba, ya tambayi hanya da muryarsa mai kauri:

"Malam, wai ɗiyar mutanen nan ta ci?"



"Tana ci," in ji Illiya. "Inna, a ƙaro."