Jar Lemar Iya

Shekara goma sha huɗu ke nan Iya Mai Lema tana kafa teburinta a gindin katangar makarantar firamare, daidai inda katangar ta rufta ta bar kafa. Fensir take sayarwa, da littafin rubutu, da alawa. Ƙofar makarantar tana can sama, tafiyar minti uku, amma wane yaro ne zai zagaya alhali ga kafa a buɗe? Ta nan suke ɓullowa su tsallaka titi, a bakin kwanar da manyan motoci ke shawowa.

Marigayi mijinta direban tirela ne. Shi ya gaya mata cewa mota mai lodi ba ta tsayawa don an taka birki, sai ta ga dama. Shi ya sa da an kaɗa ƙararrawar tashi take rufe tebur da buhu, ta ɗaga jar lemarta ta shiga tsakiyar kwalta, yara na bin ta a baya kamar 'yan tsaki. Ba wanda ya sa ta, ba kuma wanda ya taɓa ce mata sannu. Direbobi dai sun san lemar, tun daga nesa suke rage wuta.

Abu ɗaya ne Iya ba ta yarda da shi ba a duniya: mutum da takarda a hannu. A idonta aka tashi mai faci, aka tashi mai wankin babur, kuma duk da murmushi aka fara. Don haka ranar da wani saurayi ya sauko daga motar ƙaramar hukuma da hantsi, yara duk suna aji, yana jan tef ɗin awo a gefen titi, sai ta gyara zama ta tare kafar katangar da bayanta.

"Sannu da aiki, Iya," in ji shi, har da rusunawa. "Za a yi wa yara wurin tsallaka titi ne, da tudun rage gudu. An ce ke kika fi kowa sanin wurin nan. Ta ina suka fi tsallakawa?"

An ce? Wa ya ce? Iya ta dube shi sama da ƙasa. Ai ta san dawar garin. In ta ce ta kafa, gobe a toshe kafa, jibi a ce teburinta ya tare hanya.

"Ta ƙofa mana, ɗan nan. Makaranta ba ƙofa gare ta ba?"

Ya rubuta, ya yi godiya, ya tafi. Da ta ba 'yarta labari a gida, 'yar ta riƙe baki. "Iya, ƙarya fa kika yi masa."

"Ke, rufa min baki. Waɗannan ne za su yi fenti? In sun ɗiga ko ɗigo ɗaya, ki canza min suna."

Sati uku sai ga su da gaske. Suka shimfiɗa farin fenti layi-layi a bakin ƙofa, suka yi tudu, suka kafa allo mai hoton yara biyu riƙe da hannu. Aiki ya yi kyau, wallahi, sai dai ba yaron da ya taka shi. Abin da Iya ba ta hango ba shi ne halin direba: ya lallaɓa a kan tudu yana tsaki, ya wuce allo, ya ɗauka haɗari ya ƙare, sai ya danna wuta. Kafin ya iso kwanarta mota ta gama ɗaukar gudu.

Ranar wata Laraba ta shiga titi da yara bakwai. Ba ta ga tifar da ta shawo kwana ba, ƙarar birki ta ji. Ta yar da lema ta fizgo wata 'yar aji biyu da wuyan riga, suka zube tare a gefen kwata. Tifar ta tsaya can gaba, lemar kuwa ta koma tsumma da waya a ƙarƙashin taya. Mutane suka taru suna zagin direba, suna zagin hukuma da ta yi fenti inda ba kowa. Iya kuwa kunya ce ta kama ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba.

Washegari ta sa kafinta ya buga tsohon kwanon rufi ya rufe kafar. Ta ja teburinta zuwa bakin ƙofa, inda ba inuwa ko ta sisi. Yara suka yi ta mita, amma suka zagayo, don alawa ta zagayo.

Bayan kwana biyu saurayin ya zo duba aiki, ya tarar da yara na tsallakawa a kan fenti, Iya a gaba tana ɗaga buhu a maimakon lema. Ya washe baki.

"Ai na faɗa musu a ofis, Iya. Da ba don ke ba, da mun yi shi a wurin da ba daidai ba."

Ta dubi takardar hannunsa. Sannan ta jawo masa benci da ƙafa.

"Zauna, ɗan nan. Buɗe sabon shafi, ka sake yi min tambayar nan ta ranar."