Ranar da Ludayi Ya Kuɓuce Mini

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba na jin zai kwashe wata Laraba, bayan yankan gero, shekara uku ke nan. Ku sababbin jagorori, ku matso ku ji. Ni ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa.

Wata ƙungiya ce ta tara mu a Birnin Kudu, aka yi mana horon mako guda kan zaman sanyaya zukatan mata. Jami'ar da ke kanmu, Malama Hadiza, ta ɗauke ni ne don an ce bakina ya iya tatsuniya. Aka naɗa ni jagorar zama a ƙauyenmu, can gefen Zandam. Zaman kashi uku ne. Na farko jan numfashi da miƙe gaɓoɓi, abin da suke kira yoga. Sai da na tambayi limaminmu, ya ce in dai miƙa ce ba bauta ba, ai ko kyanwa tana yi. Na biyu waƙa da saƙar faifai. Na uku ludayi: a zauna a kewaye, wadda ke riƙe da shi ita kaɗai ke magana, ko matar wa ke wurin.

A damunar shekarar shanu sun shiga gonaki, an yi faɗa har da fasa kai. Tun daga nan matan ƙauye suka hana matan ruga ɗibar ruwa a famfo, matan ruga suka koma shan na kududdufi. Da ƙyar Malama ta shawo kan biyar daga cikinsu suka zo zama. Babbarsu Dije, wadda ta tsufa tana kawo mana nono.

Malama ta ja ni gefe. "Inna Talatu, yau Hajiya matar mai unguwa tana nan. In Dije ta yi magana a gabanta, magana ta isa inda ake so. In ba ta samu ta yi ba, ba za su sake zuwa ba. Ki buɗe a taƙaice."

Na ce, "'Yar nan, tun ba a haifi uwarki ba nake tara mata."

Da aka zo kashi na uku na ɗauki ludayi, na ce bari in share fage da labarin haƙuri. Labari ya haifi labari. Na kawo na kura, na kawo na yunwar da aka yi ina yarinya, na kawo auren kakata. Malama tana ta tari, na ce a samo mata citta. Hantsi ya wuce, azahar ta kawo kai. Matan ruga suka fara gyara zani suna duban ƙofa. Ni da wayona sai na ce jikinsu ne ya mutu, kowa ta tashi a sake miƙa. Ludayi kuwa yana hannuna.

Na ce, "Ku dube ni." Na sunkuya zan taɓo yatsun ƙafa, abin da aka ja mana kunne a horo cewa tsofaffi kada su gwada. Sai ƙugu ya ce ƙas. Na tsaya nan kamar mai neman allura, ba sama ba ƙasa. Numfashi ma da ƙyar, balle magana. Ludayi ya suɓuce, ya gangara har gaban Dije.

Ta ɗauka, ta tambayi Malama, "Mai wannan ke magana, ko?"

"Haka doka ta ce."

Hajiya ta ce, "A fara ɗago Inna mana."

Dije ta ce, "In kuka fizge ta za ku karya ta. A ba ta turmi ta dafa, jijiya ta saki, ni zan gyara ta. Kafin nan, Hajiya, ludayi na hannuna."

Aka turo mini turmi. Ina dafe da shi na ji ta.

"Ba mu muka kora shanu ba, ba ku kuka ɗauki sanda ba. Mazan da suka yi faɗan tuni sun gaisa a kasuwa. Mu da ku aka bari da gaba. Jikata kwananta huɗu tana gudawa saboda ruwan kududdufi. Hajiya, nonon da kika yaye 'ya'yanki da shi, daga ƙwaryata ya fito."

Iyakar maganarta ke nan. Ni ƙafafu kawai nake gani. Na ga babban yatsan Hajiya yana tonon ƙasa, ya daɗe yana yi. Can ta roƙi ludayi, aka ba ta.

"Gobe da safe ku zo da tulunanku. Ni zan tsaya a bakin famfo. Mai unguwa kuma ku bar ni da shi."

Sannan Dije ta shafa mini man shanu, ta danna da gwiwa, ta ɗago ni a hankali. Ta ce, "Inna, kin iya labari. Amma shirunki ya fi daɗi."

Da Malama za ta rubuta rahoto, ta tambaye ni wace dabara za ta ce na yi. Na ce ta rubuta jagora ta sunkuya.

To, kun ji. A wannan aiki, wanda aka danne ba wa'azin haƙuri yake jira ba, ya riga mu sanin haƙuri. Fili yake jira. Ku miƙa ludayi tun ƙugunku na lafiya. Ni sai da Allah ya ninke ni biyu kafin na sake shi.