Haima mai wuyan tulu

Sau uku maigidana yana raka tajirin da yake yi wa direba zuwa farauta, kuma duk tafiya sai ya dawo mini da ƙirji ya fi na bara lalacewa. Fuka ce da shi tun yana yaro a Sudan. A Jidda ba ta cika tashi ba, don garinmu bai san sanyi ba sai a bakin matafiya. Amma da hunturu ya kama, tajirin nan sai ya tara abokansa da shahunansu, su cika motoci, su nausa arewa, can dajin da aka ce ruwa yana kwana a kwano ya wayi gari dutse. Manya suna da katuwar haimarsu ta gashin akuya, gefe ɗaya a buɗe, ga itace yana ci, ga barguna. Direbobi da kuku kuwa sai a cusa su a ƙaramin tanti, su ja ƙofa su ɗaure, su sa kaskon gawayi a tsakiya. A tafiya ta uku ɗauko shi aka yi daga mota aka shigo mini da shi, leɓɓansa sun yi baƙi. Likita ya ce hayaƙin gawayi a rufaffen wuri ne, kuma in ya sake, mai yiwuwa ba likita za a kira ba.

Na ce masa kada ya sake zuwa. Ya dube ni kamar na yi saɓo.

"Iƙamata, takardar zamana a ƙasar nan, a hannunsa take. In ya ce yalla, mu tafi, ni wa zan ce wa a'a?"

To, tunda ba zai ƙi tafiya ba, sai na ce zan ɗinka masa tasa haimar. Ɗinkin ba baƙona ba ne. Tun ina budurwa a unguwar Ammariyya nake haɗa ƙyallayen haima wa wani dattijo mai ba da hayarsu lokacin aikin hajji, basilla ta gama cinye mini ɗan yatsa. Abin da nake so shi ne ƙarama, ta mutum ɗaya, wadda zai naɗe ya tura ƙarƙashin kujerar mota, da murhu a ciki wanda hayaƙinsa zai fita waje. Na tara buhunan fulawa a gidan burodi, na wanke su har rubutun ya koɗe, na ninka bibbiyu. Samkarin unguwarmu, wato mai ƙirar gwangwani, ya yanka mini garwar kananzir ya yi mata ƙofa, ya naɗe bututu gaɓa uku da ake zura wani cikin wani. Yana yi yana dariya, wai tunda yake bai taɓa ƙera wa haima hanci ba.

Inda na tsaya cak shi ne wurin da bututun zai huda rufi. Ƙarfe mai zafi da zanen fulawa, kowa ya san abin da zai faru. Na je wa dattijon da nake yi wa ɗinki da tambaya, ya ɗaga hannu.

"Ya binti, 'yata, haima ba a huda mata kai. Kakanninmu ba su yi ba. Za ki gasa mijinki ne kawai."

Na ce, "Kakanninku ai ba su kwana a tantin direbobi ba." Bai ƙara ba ni aiki ba sai bayan wata biyu, ni ma ban neme shi ba.

Inna, mahaifiyata, ce ta warware. Ita da ƙafa ta zo daga ƙasar Hausa tana yarinya, shekaru suna hanya, kuma a lokacin idonta ya fara tafiya, tana zaune a tabarma tana jin ina ta ƙorafi. Ta ce a garinsu in tulu ya fashe ba a yar da wuyansa, a jikin bangon ɗakin girki ake dasa shi hayaƙi ya riƙa bi. Ta nuna tulunta da ke kan kujerar ruwa, wanda ta fi shekara ashirin tana shan ruwansa.

"Fasa shi."

"Haba Inna, na nemo fasasshe mana."

"Fasasshe ya riga ya tsage. Fasa wannan a hankali, ki bar masa kafaɗa."

Haka na yi. Na huda kafaɗar da ƙusa, rami bayan rami, kwana biyu ina yi don kada ta tsage. Na ɗinke ta da waya a jikin fatar akuya, fatar kuma a jikin rufi. Tsakanin bututu da wuyan sai a cusa yumɓu.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko muka tafi bakin teku a Abhur gwaji. Lokacin ba komai can sai rairayi da 'yan bukkokin masunta. Ga rana tana dukan mutum, ga ni na kafa haima na shige na hura wuta na ja ƙofa. Masunta suka bar taru suka zo kallon mahaukaciya. Malam, haka nake kiran maigidan, ya koma bayan mota ya zauna kamar bai san ni ba. Na yi zamana a ciki, zufa tana bin bayana har zanena ya jiƙe sharkaf, ina shaƙar iska ina jira in ji ɗacin nan a maƙogwaro. Ban ji ba. Da na fito na taɓa zanen da ke gefen wuyan tulun, ɗumi kawai ya yi. Na kamo hannun Malam na ɗora a wurin, na ce, "To, ji da kanka." Daɗi ya kama ni har na manta da jama'a na rangaɗa guɗa.

Da lokacin tafiya ya zo, sai ya fara noƙewa, wai aib ne, abin kunya, direba ya kafa tasa haima a gaban maigidansa. Ban saurare shi ba. Da hannuna na tura ta ƙarƙashin kujera.

Bayan kwana goma sha biyu motar ta tsaya a ƙofar gida, wani ne yake tuƙi. Malam yana kwance a baya, numfashinsa yana ƙugi tun daga titi. Sai da na yi masa turare da tofi ya samu kansa, sannan na tambaye shi ina haimar.

Ya ce kwana biyun farko ya yi barcin da bai taɓa yi a daji ba. Rana ta uku tajirin ya ga hayaƙi yana fita ta kan ɗan tanti, ya leƙa, ya zauna, ya miƙe ƙafa. Ya ce mashallah. Ya sake cewa mashallah.

"Sai me?"

"Kin san al'ada. Babba ya yaba abu sau biyu, ai sai ka ce naka ne."

"Kai kuma ka koma wajen gawayi."

Ya juya fuska bango.

Ban taɓa jin fushi irin na ranar ba. Washegari da hantsi na yafa mayafi, na sa almakashin ɗinki a jaka, na tafi gidan tajirin. Mata ta ƙofar baya suke shiga. Ni ta gaba na bi, mai gadi yana bina yana "ya hajja, ya hajja". Ga haimata an baje a tsakar gida ana shanya ta, ga shi zaune a inuwa da baƙinsa suna shan gahawa. Na gaishe shi yadda ya kamata, na ce na zo karɓar kayana.

Ya yi murmushi. "Direbana ya ba ni kyauta. Amma hannunki yana da albarka, ki ɗinka mini guda biyar, ki faɗi abin da kike so."

"Ya ammi, ranka ya daɗe, zanen ya ba ka, ka riƙe. Wuyan tulun nan na uwata ne, ba shi da ikon bayarwa."

Na durƙusa na yanke fatar, na zare wuyan, na bar masa rami a kan haimar da kan mutum zai wuce. Baƙin suka ajiye kofuna. Na miƙe na dubi tajirin.

"Kuma mijina ya gama zuwa daji. Halas, shi ke nan. Tantin da kake zuba mutanenka, ka shiga ka ja ƙofa ka yi sa'a ɗaya, sannan ka aiko a kira shi."

Kafin la'asar an aiko an karɓi makullin mota. Tajirin bai sa an kore shi daga ƙasa ba, wannan kam na shaide shi, ya dai sake shi ya koma hannun wani mai kifi. Daga tuƙa motar da ake goge ta kullum, da hular direba a kansa, Malam ya koma jan akwalar ƙanƙara daga kasuwar kifi, yana dawowa gida kuliyoyin unguwa suna binsa. Ya yi sati shida ba ya ce mini komai sai "ruwa" da "abinci". Matan unguwa suka ce na zubar masa da mutunci, har da masu zuwa ba ni shawarar in je in ba da haƙuri. Na ce su sha shayinsu kafin ya huce.

Bai taɓa yafe mini ba, ni ma ban taɓa roƙa ba. Duk taron da aka yi a gidanmu sai ya ba da labarin yadda matarsa ta raba shi da aikin da ya fi kowane aiki. Ya ba da shi a bikin 'yarmu ta fari, ya ba da shi a na autarmu. Ranar sunan ɗan jikarmu ma, gemunsa fari fat, ya tara samari a ƙofar gida ya faro shi tun daga buhunan fulawa, da ƙarfi yadda zan ji daga ciki. Ina zaune ina tsince shinkafa, ina sauraro. Ya kai ƙarshe bai tsaya ya yi tari ko sau ɗaya ba.