Ɗan hasken da ya fito a gefen gwiwata

Ina wanke-wanke a gidanmu na unguwar Ka'akiyya, 'yata Ruwaida ta ɗauke ni hoto da wata manhaja, wai tana nuna hasken ruhin mutum. Nawa ya fito kore. Amma daidai gwiwata ga wani ɗan farin haske daban.

Ta ce, "Ummi, wa ke riƙe da jallabiyarki?"

Nan ƙaninta Hamudi yake tsayawa kafin ya rasu bara.

Na ce, "Yalla, maza goge shi! Gaibu sai Allah."

Ta goge. Amma wallahi tana ajiye wayar ta fita, na lallaɓa na dawo da hoton.

Yanzu kaina nake tsoro, jama'a, don na kasa rabuwa da hoton. Da ku ne, za ku iya gogewa?