Daga Gubaira zuwa Al-Naseem da Littafin Aro

Gubaira

Tun kafin kiran assalatu na tashi, ranar wata Asabar da ba ni da aji. Turanci nake koyarwa a wata sakandare a nan Riyad, ina zaune a unguwar Gubaira, iyalina kuwa suna Gusau. Bayan sallar asuba na tsaya wurin mai gasa gurasar tamis, na ci da ful, dafaffen wakensu, a tsaye, sannan na tari tasi.

Wurin Injiniya Bala za ni, wani dattijo mutumin Kazaure da ya daɗe yana aikin gine-gine a ƙasar nan. Duk wata mukan haɗu mu karanta tsofaffin littattafan labarai na Amurka, mu yi ta musu. Ban da shi ba ni da abokin irin wannan hira. Yanzu ciwon suga ya taɓa masa ido, aiki ya ƙare, an buga masa bizar fita ta dindindin. Ya kira ni ya ce akwai littafin da muka bari a tsakiya, yana son jin ƙarshensa kafin ya tafi. Nawa ya ɓace, dole sai na biya ta Unguwar Ofisoshin Jakadanci na aro.

Unguwar Ofisoshin Jakadanci

A bakin ƙofa mai gadi ya karɓi iƙamata, wato katin izinin zama a ƙasar, ya tambaye ni da Larabci abin da ya kawo ni.

"Littafi zan karɓa."

"Kitab bas? Littafi kawai?"

"Bas."

Ya girgiza kai ya ɗaga mana ƙarfen ƙofa. Ciki shiru, ga itatuwa ga titi tas, ba kowa sai masu ba fulawa ruwa.

Mai littafin wata dattijuwa ce Ba'amurkiya da muke koyarwa tare. Da ta miƙo mini shi sai na yi mata tambayar da Injiniya ya saba yi: me ya sa jaruman labaransu kullum tafiya suke yi? Wannan ya shiga teku, wancan ya nausa daji, ba uwa ba dangi, kuma marubutan na nuna wannan shi ne halin Ba'amurke na ainihi.

Ta ce, "Haka muke son mu ga kanmu. Amma kakata da ta tsallako teku, har ta mutu tana kukan garinsu. Wannan ba a cika rubuta shi ba."

Al-Naseem

Tafiya ce mai nisa zuwa unguwar Injiniya a gabashin gari. Direban ya kunna rediyo. Dab da azahar na isa. Na tarar da falo cike da kwalaye, matarsa Hajiya da yara sun riga sun wuce gida, Injiniya na zaune shi kaɗai a kan darduma.

"Malam, ka samo?"

"Na samo, Yallaɓai."

Muka yi salla, muka ci shinkafar kabsa da maƙwabci ya aiko, na buɗe littafi. Ina karantawa yana lumshe ido. Da muka kai inda mutumin cikin labarin ya juya wa garinsu baya, ya kama hanya shi kaɗai, sai Injiniya ya ɗaga hannu.

"Tsaya, Malam. Wannan mutumin, in ya mutu wa zai yi masa wanka?"

"Marubucin bai faɗa ba, Yallaɓai."

"Ai ba zai faɗa ba. Su in sun bar gida sai a ce sun zama cikakkun 'yan ƙasa. Ni na bar gida, nan ban zama ɗan gari ba, can kuma yaran unguwarmu sai an gaya musu ko ni wane ne."

Na ci gaba har shafin ƙarshe, muryata ta dushe. Bai yi musu ba yau, abin da bai taɓa faruwa ba.

A bakin ƙofa ya lalubo hannuna ya riƙe. "Yaushe kwantiraginka zai ƙare?"

"Bayan babbar salla."

"Kada ka sabunta, Malam. Ka koma tun kana iya ganin fuskokin iyalinka."

Komawa

Jirgin ƙasa na cikin gari na shiga. Taragon cike yake, kowa ya sunkuya a kan wayarsa. Ana kiran magariba na sauka, na ƙarasa Gubaira da ƙafa, ta gaban garejojin da ake rufewa.

Ina shiga ɗaki na buga waya Gusau. Autata ce ta ɗauka. Na yi sallama, ta amsa, sannan na ji ta ɗaga murya: "Umma, wani mutum yana nemanki."

Da aka tambaye ni a makaranta cikin makon, na ce ba zan sabunta ba. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa mai aron littafi. Injiniya kuwa ya sauka Kazaure, ya aiko cewa yana jirana.