Maɓallin da Mu Uku Muka Sani

Ni mai rewaya ne, ko in ce na taɓa zama. Shekara goma sha ɗaya na yi ina gyaran wayar mota a wata rumfa a bakin titin Makarfi, kuma ba yabon kai ba, hannuna yana da kyau. Motar da ta ƙi tashi a Ikara ko Kudan, in an gaji da turi, wurina ake janyo ta. Direbobi suna ce mini Injiniya, ni da ko sakandare ban gama ba, ina kuma amsawa har da gyara tsayuwa. Ina da mata da 'ya'ya biyu, ba mu taɓa kwana da yunwa ba. Na faɗi wannan tun farko don kada wani matashi ya karanta ya ce talauci ne ya kai ni. Son zuciya ne.

Da ƙananan abubuwa na fara. A bar mini mota, in zare fiyus mai kyau in maye da tsoho. In tsiyayi mai a galan. Wata rana na musanya batir sukutum, mai motar ya dawo ya yi mini godiya har da sa albarka. A wajenmu, in mutum ya kawo maka gyara sai ya miƙa maka makulli ya shige kasuwa. Tsayawa a kanka kamar zargi ne, kuma ba mai son a ce ya zargi ɗan garinsu. Wannan kunyar ta mutanenmu ita na riƙa ci.

Da satar mota ta yi yawa a yankin, masu a-kori-kura, waɗanda ke ɗibar rake da tumatir da barkono, suka fara neman ƙararrawar ɓarawo, wadda direbobi ke ce wa sikiyoriti. Na koyi ɗaura ta. Wani ɗan akwati ne ake ɓoyewa a ƙarƙashin sitiyari, shi ne ƙwaƙwalwar. Wayoyi suna fita daga cikinsa zuwa ƙofofi da bonet, in an buɗe ɗaya sai ya sani. Akwai kuma wani ɗan abu mai jin girgiza, in an bugi motar ko an fasa gilashi ya sanar da akwatin. Nan take sai jiniya ta ɓarke, fitilu su kama ƙyaftawa. Mai mota da rimot yake kunna ta yake kashe ta. Bayan wannan nakan ƙara abin da na fi alfahari da shi, wato ɓoyayyen maɓalli. In ka tada motar ba ka danna shi ba, za ta yi 'yar tafiya, sannan wutar famfon mai ta yanke, ta mutu maka a tsakiyar titi ko da makullin gaskiya ne a hannunka.

Cikin waɗanda na ɗaura wa akwai Alhaji Mamman, wani mai safarar rake daga Kudan. A-kori-kura guda ɗaya gare shi, ita ce gonarsa ita ce kasuwarsa. Direbansa Baba Bulus ne, dattijo Kirista ɗan garinsu, shekara goma sha shida yana riƙe masa mota ko fitila bai taɓa fasawa ba. Ni kaina ɗa ya ɗauke ni. In ya zo gyara sai ya sauke mini sandar rake biyu ya ce in kai wa jikokinsa. Ranar da na gama aikin na kira su biyun na nuna musu inda na ɓoye maɓallin. Na bugi ƙirji na ce, “Alhaji, daga ni sai kai sai Baba Bulus. Wanda bai san wurin nan ba, ko aljani ne ba zai fita Makarfi da motar nan ba.”

Matsalar ita ce ƙararrawar ta cika ji. A jefa damin rake, ta yi kuka. Akuya ta goga ƙaho, ta yi kuka. Duk Juma'a in sun sauke kaya a Makarfi nan Alhaji yake salla, to wata Juma'a ana tsakiyar huɗuba motar ta ɓarke da jiniya a gefen masallaci, sahu-sahu ana waiwaye. Alhaji ya ce bai taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Daga nan ya yanke cewa duk Juma'a a kashe ta har a idar, tunda ga Baba Bulus yana zaune a mota. Abin da Alhaji bai sani ba, ni na sani. Da an tada salla Baba Bulus yakan zagaya bayan kasuwa ya ci tuwo, don lokacin ne kawai ba a nemansa. Minti goma ne bai fi ba.

Wani dillali ne da ke zuwa daga nesa sayen tsofaffin kayan mota ya fara lallaɓa ni. Bai ce mini sata ba. Cewa ya yi, “Injiniya, kai ba za ka taɓa komai ba. Makulli kawai, da inda maɓalli yake.” Na ce masa Allah ya kiyaye. Ya yi dariya ya tafi. Ya dawo, na sake cewa Allah ya kiyaye, amma a hankali. Da aka kawo motar Alhaji gyaran fitila aka bar mini makulli kamar kullum, na je na sa aka yanko mini irinsa, na miƙa wa dillalin, na faɗa masa inda maɓallin yake da lokacin tuwon Baba Bulus.

Ranar da aka ɗauke ta, ina sahu ɗaya da Alhaji, kafaɗata tana taɓa tasa. Na shirya hakan da gangan. Muka sallame, muka fito muna neman takalma, sai ga Baba Bulus tsaye a inda motar take ɗazu, yana juyi, hannu a ka. Alhaji ya ce, “Bulus, ina motar?” Ni ne na fi kowa salati a wurin.

Ban taɓa tunanin a kan wa abin zai faɗa ba, wallahi ban yi ba. Motar kawai nake gani. Amma 'yan sanda da suka zo lissafinsu gajere ne. Mutum uku suka san maɓallin, biyu suna masallaci a gaban jama'a, ɗaya ya bar wurin aikinsa daidai lokacin. Suka tafi da Baba Bulus. Alhaji ya yi ta cewa shi bai yarda Bulus zai yi masa haka ba. Sai aka aiko a kira ni, tunda ni ne masanin abin.

Kafin in tafi matar Baba Bulus, Mama Saratu, ta riga ni. Daga Kudan ta hau acaɓa ta same ni a rumfa, ta durƙusa a ƙasa cikin baƙin mai, mace sa'ar uwata. Ta ce, “Ɗana, kai suke jin maganarka. Ka ce musu ɓarawo yana iya gano abin nan da kansa. Ka ce ko sau ɗaya an taɓa yi. Don Allah, hawan jini gare shi.” Na ɗaga ta na ce, “Mama, ki kwantar da hankalinki.” Har ruwa na saya mata.

Da na je aka tambaye ni, ko wanda bai san maɓallin ba zai iya tafiya da motar? Na san in na ce zai iya, za a ci gaba da bincike, kuma binciken yana iya biyowa ta rumfata. Na dubi Baba Bulus yana zaune a ƙasa ba riga, yana kallona da murna don ya ga ɗansa ya zo. Na ce, “Ranka ya daɗe, ba zai yiwu ba. Sai an nuna masa.”

Bayan wannan sai na lalace gaba ɗaya. Abin da dillalin ya ba ni ban ma san inda ya shiga ba, kuma yanzu ya riƙe ni a hannu, in na ƙi ya ce zai yi magana. Na ba shi mota ta biyu a Ikara, na ba shi ta uku ta wani manomi a Dandamisa. Abinci ya daina yi mini daɗi. In mota ta yi jiniya a titi sai in shige can cikin rumfa. A ta ukun aka tare wanda ya tuƙa a shingen bincike, tun kafin a kai shi ofis ya faɗi sunana.

Ranar da aka shigar da ni gidan yari, ina tsaye a fili da rana ban san inda zan sa kaina ba, na ji an dafa ni. Baba Bulus ne. Shekara ɗaya da rabi yana jiran shari'a, ya rame, haƙoransa biyu sun zube. Ya ce, “Ɗana, kai ma sharri aka yi maka?” Ya ja ni ɗakinsu, ya matsa mini a tabarmarsa, ya jiƙa garin rogon da Mama Saratu ke kawo masa ya raba biyu. Kwana tara ina cin garin nan. A na goma na ture garin gefe, na faɗa masa komai, daga makulli har amsar da na ba 'yan sanda. Bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ya ɗauki kwanonsa ya koma can ƙarshen ɗakin, bai ƙara dubana ba.

Na maimaita maganar a gaban alƙali. Aka sake shi, ni aka ba ni shekara biyar. Matata ta koma gidansu da yaran, ban ga laifinta ba. A ciki na tuba, na yi kuka har na gaji, na kuma ɗauka in na fito na nemi gafara shi ke nan.

Ku matasa, musamman masu sana'ar hannu da ake miƙa wa makulli, ku ji ni. Fiyus ɗin nan da ba wanda zai lura, kada ku zare shi, daga nan ake farawa. Ku kuma masu mota, ku ajiye kunya. Ku tsaya a kan motarku in ana gyara, ku cire makullinku ku sa a aljihu. In ƙararrawa ta cika kuka, a rage mata ji, kada a kashe ta, ku ajiye motar nesa da masallaci inda akwai mai gadi. Ku ƙara da sandar kulle sitiyari. In an yi muku ɓoyayyen maɓalli, ku tuna wanda ya ɗaura shi ma ya san wurin. In kuma mota ta ɓata, kada ku yi saurin kama wanda ya fi kusa da ita.

Da aka sallame ni, Kudan na fara zuwa. Alhaji Mamman ya daɗe da barin safara, motar ba a taɓa ganinta ba. Baba Bulus kuwa a bakin wata gona na same shi, yana ɗora wa wata a-kori-kura damin rake a ka, dattijo mai shekara sittin da wani abu, wani yaro ƙarami yana zaune a sitiyari yana masa tsawa ya yi sauri. Na durƙusa na ce, “Baba, ka yafe mini.” Ya sauke damin, ya goge fuska da hularsa. Ya ce, “Na yafe tun ina ciki, don in samu in yi barci. Amma tun da na fito ba wanda ya sake ba ni mota. In da gaske kake, nemo mini wanda zai ba ni makulli.”

Yau wata bakwai ke nan ina nema. Na bi masu mota a Kudan, na bi na Makarfi, ina tsayawa a tasha a gaban kowa ina cewa ni ne ɓarawon, shi bai san komai ba. Kowa sai ya ce, “Ai mun sani, Allah sarki Bulus,” sannan ya ce a dai bari ya yi shawara. Wani ya faɗa mini gaskiya, ya ce shi ba zai ba wanda ya taɓa zaman gidan yari motarsa ba, kuma shaidar ɓarawo ba ta wanke kowa. Gobe zan tafi Ikara, an ce akwai wani mai tumatir da direbansa ya bar aiki. Jiya na je na faɗa wa Baba Bulus, sai ya ce in yi hanzari, don idonsa na dama ya fara yin hazo.